Azumin Tiyata: Daga Lissafin Agogo Zuwa Leƙa Tumbi

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a daren da za a wayi gari a shiga da mara lafiyarsa ɗakin tiyata ya san umarnin da nas kan zo ta bayar: daga ƙarfe goma sha biyun dare kada ya ci, kada ya sha, ko da kurɓin ruwa ne. Gari na wayewa sai a tarar shi ne na huɗu a jerin waɗanda za a yi wa aiki. Aikin farko ya ja lokaci, aka shigo da wani na gaggawa aka sa shi gaba, azahar ta wuce, la'asar ta yi, mutum na nan kwance leɓɓa a bushe, kai na sarawa. In ƙaramin yaro ne, uwa ta rasa yadda za ta yi da kukansa. Daga tsakar dare zuwa ƙarfe huɗun yamma awa 16 ke nan. Ya zarce tsawon azumin watan Ramadan a ƙasar Hausa, ga shi babu sahur, ga ciwo, ga fargaba.

Ba mugunta ce ta kawo wannan umarni ba. Haɗari ne na gaske ya haife shi, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a gane shi. Sai dai binciken da aka yi ta yi tun daga shekarun 1980 ya fito da abu biyu da ya kamata su dami kowa. Yawancin marasa lafiya ana gasa su da ƙishirwar da ba ta ƙara musu kariyar komai. Sannan akwai waɗanda suka cika awoyin da aka gindaya musu cif, amma tumbinsu na nan da abinci. Agogo ake dubawa, alhali ba agogo ke narkar da abinci ba. Shi ya sa likitocin sa barci a ƙasashe da dama suka fara ɗora na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, a ƙahon zucin mara lafiya, su ga abin da ke tumbinsa da idonsu kafin su kwantar da shi.

Abin da ake gudu

Mutum in yana farke, jikinsa na gadin huhunsa ba tare da ya sani ba. Akwai tsoka a ƙarshen hanyar abinci da ke tsuke bakin tumbi. In kuma ɗigon ruwa ya kuskure ya bi hanyar iska, nan take mutum zai sarƙe, ya yi ta tari har ya fito. Maganin barcin tiyata yana kwantar da duk wannan tsaro. Tsokar ta saki, tari ya ɗauke, haɗiya ta tsaya. Abin da ke tumbi yana iya tasowa salin-alin, ba tare da yunƙurin amai ba, ya taru a maƙogwaro ya zarce huhu. In tsokar nama ce ko lomar tuwo, ta toshe numfashi nan take. In ruwa ne, ruwan tumbi asid ne mai ƙarfi, yana ƙona huhu, ya kumbura ya cika da ruwa, iskar da jini ke samu ta ragu.

Wanda ya fara yi wa wannan al'amari cikakken bayani shi ne Curtis Mendelson, likitan mata a birnin New York na Amurka. A 1946 ya wallafa nazarin haihuwa 44,016 da aka yi a asibitin haihuwa na New York Lying-In tsakanin 1932 da 1945, zamanin da ake kifa wa mai naƙuda abin shaƙar maganin barci a fuska ba tare da an zura bututu a hanyar iska ba. Mata 66 ne abin da ke tumbinsu ya shiga huhu. Biyu suka rasu, kuma dukansu daskararren abinci ne ya shaƙe su. Waɗanda ruwa ya shiga huhunsu sun sha wuya, numfashi ya yi ta sarƙewa, jiki ya canza launi, amma sun tashi. Mendelson ya koma kan zomaye. Ya zuba wa wasu ruwan gishiri a huhu, wasu ruwan tumbi, wasu ruwan tumbin da aka kashe wa tsami, ya tabbatar cewa asid ɗin ne ke ɓarna. Har yau ciwon da sunansa ake kiransa.

Abin ba ya yawan faruwa. Nazarin da Mark Warner da abokan aikinsa suka fitar a 1993 daga asibitin Mayo Clinic ya bi diddigin sa barci 215,488, ya samu sau ɗaya cikin kowane 3,216. A aikin da aka shirya masa rana, ɗaya ne cikin 3,886. A na gaggawa kuwa ɗaya cikin 895. Mutum uku suka mutu. Amma ƙarancinsa bai rage masa muni ba. Babban binciken da aka yi a asibitocin Birtaniya, wanda aka fi sani da NAP4, ya nuna a 2011 cewa a cikin mace-macen da matsalar hanyar numfashi ta jawo lokacin sa barci, shigar abin tumbi cikin huhu shi ne kan gaba, ya ɗauki kusan rabi. Akasari kuma mutane ne da alamun haɗari ke tare da su, amma ba a ba wa alamun muhimmanci ba.

Yadda tsakar dare ta zama doka

Magabatan likitocin tiyata ba su hana ruwa haka ba. Tun 1833 William Beaumont, likitan sojan Amurka, ya rubuta cewa ruwa ba ya daɗewa a tumbi, abinci ne ke ɗaukar awoyi. Da idonsa ya gani. A 1822, a tsibirin Mackinac, bindiga ta tashi ta huda cikin wani matashi ɗan Kanada mai suna Alexis St. Martin, raunin ya warke ya bar ƙofa har cikin tumbi. Beaumont ya shafe shekaru yana zura abinci ɗaure da zare ta wannan ƙofa yana fitarwa yana dubawa. Ilimi ya ƙaru, amma ba a karanta labarin ba tare da an tausaya wa talakan da aka mayar da jikinsa wurin gwaji ba. Shekara hamsin bayan littafin Beaumont, a 1883, Joseph Lister, babban likitan tiyata na Birtaniya, ya ba da shawarar kada a bar daskararren abinci a tumbi, amma a ba mara lafiya kofin shayi ko romon nama kimanin awa biyu kafin a shaƙa masa maganin barci.

Wannan bambanci tsakanin ruwa da abinci ya ɓace a wajajen shekarun 1960. Tsoron ciwon Mendelson ya haɗu da son sauƙin aiki. Umarni guda, lokaci guda, ga kowa da kowa: nas ba za ta ruɗe ba, kuma in jerin aiki ya sauya kowane mara lafiya a shirye yake. A 1974 wasu masu bincike biyu, Roberts da Shirley, suka ƙara wa tsoron ƙarfi da suka ce mililita 25 kacal na ruwan tumbi mai tsami ya isa ya jefa babban mutum cikin haɗari. Adadin ya shiga littattafai, aka yi ta koyar da shi. Daga baya aka lura cewa tushensa gwaji ne a kan biri, kuma kai tsaye aka zuba asid ɗin cikin huhunsa, ba daga tumbi ya taso ba. Da za a bi wannan ma'auni, da kaso mai yawa na lafiyayyun mutanen da suka kwana da azumi sun faɗa sahun masu haɗari, domin tumbi ba ya bushewa. Dare da rana yana tsatso ruwansa, ga yawun da ake haɗiya.

Roger Maltby, likitan sa barci a Calgary ta Kanada, shi ne ya gwada abin a fili. A 1986 ya ba wasu marasa lafiya mililita 150 na ruwa kimanin awa biyu da rabi kafin aiki, ya bar wasu da azuminsu na dare, sannan ya zuƙo abin da ke tumbin kowa bayan sun yi barci. Waɗanda suka sha ruwa su ne ragowar tumbinsu ta fi ƙaranci. Ruwa zalla yana wanke tumbi ya wuce hanji. Rabinsa kan bar tumbi cikin minti 10 zuwa 20. Gwaje-gwaje da dama suka biyo baya da sakamako iri ɗaya.

A 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka, ASA, ta fitar da ƙa'idar da akasarin duniya ke bi yanzu ga lafiyayyen mutum da za a yi wa aikin da ba na gaggawa ba. Ruwa garai, awa 2. Nonon uwa, awa 4. Madarar gwangwani, nonon shanu da abinci mara nauyi, awa 6. Nama, soyayye da mai maiƙo, awa 8 ko fiye. An sabunta ta a 2011 da 2017 da 2023, ba a janye awa biyun nan ba, har ma ana ƙarfafa shan ruwa mai ɗan sukari. A Turai an ƙara sassauta wa yara: ƙa'idar 2022 ta yarda da ruwa garai har awa 1 kafin aiki, nonon uwa awa 3.

Nan akwai wurin da mai jinya a ƙasar Hausa zai iya yin tuntuɓe. Ruwa garai yana nufin wanda ake hango abu ta cikinsa: ruwan sha, shayi ko kofi ba madara, ruwan 'ya'yan itace da aka tace tas. Kunu da koko da fura da nono, duk da cewa sha ake yi ba tauna ba, a wurin tumbi abinci ne. Haka shayi mai kauri da aka zuba wa madara. Tuwo da miyar nama, ƙosai, tsire, duk suna sahun awa takwas. Kuma sanin wannan ƙa'ida ba izini ba ne na ba mara lafiya ruwa a ɓoye. Hakkin mai jinya ne ya tambayi likitan sa barci ƙarfe nawa ake sa ran aikin, kuma zuwa ƙarfe nawa za a iya shan ruwa. In an ce a'a, a tambayi dalili, domin akwai cututtukan da a'a ɗin ita ce daidai.

Waɗanda ƙa'idar ba ta rufe ba

Ƙa'idar awoyi an gina ta ne a kan lafiyayyu. Mai ciwon suga da ya daɗe, jijiyoyin da ke motsa tumbinsa kan raunana, abinci ya yi ta zama. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ma haka. Mace in naƙuda ta kankama tumbinta kan yi nauyin aiki, balle in an yi mata allurar kashe zafi mai ƙarfi. Wanda babur ya kayar bayan ya tashi daga cin abinci, zafin rauni da firgita da magunguna irin su tramadol da mofin suna tsayar da tumbinsa. Awa takwas bayan haɗarin ana iya tarar da abincin yadda ya shiga, don haka likitoci suka fi lura da tazarar da ke tsakanin cin abincin da faruwar haɗarin. Ga wanda ya suma, ga tsohon da mantuwa ta kama, ga yaron da kaka ta tausaya wa ta miƙa masa biskit a ɓoye. Ga kuma wanda ya ci ya ƙi faɗa, don ya biya kuɗin mota daga nesa, ya daɗe yana jiran ranar, yana tsoron a ɗage masa. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni tsoro, domin shi a ganinsa ƙaramar ƙarya ce.

Ko a cikin waɗanda suka kiyaye ƙa'ida ana samun masu saura. Peter Van de Putte, likitan sa barci a Beljiyam, da abokan aikinsa sun duba mutum 538 da suka yi azuminsu daidai don aikin da aka shirya. Rahotonsu na 2017 ya nuna kimanin kashi 6 cikin 100 tumbinsu bai fanko ba, wasu ruwa ne ya yi yawa, wasu abinci ne zaune.

Kafin zuwan hoton tumbi, likita na da zaɓi biyu ne in yana shakka. Ya ɗage aikin, ko ya ɗauka cikin a cike yake ya bi hanyar gaggawa: a ba da maganin barci da na sassauta tsoka a jere cikin sauri, mataimaki ya danna maƙogwaro yadda Brian Sellick ya bayyana a 1961, a zura bututu mai balan-balan ya rufe hanyar huhu. Dabara ce mai ceton rai, amma ita ma tana da nata haɗarin, kuma ɗage aiki asara ce ga mara lafiya da asibiti.

Abin da na'urar ke nunawa

Likitocin ciki a Bolonya ta Italiya, ƙarƙashin Luigi Bolondi, sun auna saurin fitar abinci daga tumbi da wannan na'ura tun 1985. Amma wadda ta mayar da abin aikin bakin gado ga likitan sa barci ita ce Anahi Perlas ta asibitin Toronto Western a Kanada, daga 2009, sai kuma Lionel Bouvet da ya yi nasa binciken a Liyon ta Faransa.

Ba dukan tumbi ake nema ba. Saman tumbi iska ce ke cika shi, kuma sautin da na'urar ke aikawa ba ya ratsa iska. Ƙarshen tumbi ake nema, wurin da ya tsuke kafin ya haɗu da ƙaramin hanji. Ana shafa man nan mai sanyi a ƙahon zuci, a tsayar da kan na'urar mai lanƙwasa a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Gefen hagu na hanta zai bayyana a gaba, babbar jijiyar jini tana bugawa a can ƙasa, ƙarshen tumbi yana tsakaninsu. Ana fara dubawa mutum na rigingine, sannan a juya shi kan ɓarinsa na dama, kamar yadda ake karkata ƙwarya don ragowar ruwa ya taru a gefe guda. Ba a yanke hukuncin cewa tumbi fanko ne sai an duba a wannan kwanciya ta biyu.

Tumbin da babu komai a cikinsa ƙarami ne, bangonsa a manne, yana fitowa da siffar zobe. Ruwa garai baƙi yake fitowa, ya buɗa tumbin ya yi kewaye, in an sha shi ba da jimawa ba ana ganin ɗigo-ɗigon kumfa masu haske suna yawo. Madara da kunu sukan yi fari-fari mai kauri. Daskararren abinci da aka ci yanzu, saboda iskar da aka haɗiya tare da shi, yakan yi hazo ya rufe duk abin da ke bayansa. In ya jima sai a ga gauraye, wani wuri haske wani wuri duhu. Ganin abinci ko ruwa mai kauri, komai ƙanƙantarsa, ya wadatar: ciki a cike yake.

In ruwa garai ne, sai a koma ga yawansa. A 2011 Perlas ta kasa shi mataki uku. Sifili, babu ruwa a kowace kwanciya. Ɗaya, ana ganinsa ne kawai in an juya dama, wanda yawanci ruwan tumbi ne na yau da kullum. Biyu, ana ganinsa ko mutum na rigingine, alamar ya yi yawa. A 2013 ta fitar da lissafi, bayan ta gwada hoton da ainihin ruwan da aka zuƙo ta bututu mai kyamara: a auna faɗin ƙarshen tumbi da murabba'in santimita, a ninka da 14.6, a ƙara 27, a cire shekarun mutum da aka ninka da 1.28. Ɗan shekara 40 da faɗin ya kai murabba'in santimita 10, ruwansa kimanin mililita 122 ne. Iyakar da aka fi amincewa da ita ita ce mililita 1.5 a kan kowane kilo na nauyin jiki. In nauyinsa kilo 90 ne, iyakarsa 135, yana cikin sahun mai azumi. In kilo 60 ne, iyakarsa 90, ya haura. Dubawar gaba ɗaya 'yan mintoci ce, babu allura, babu zafi.

Daga nan shawara ta fita daga zato. Wanda aka yi shakkar ya ci, aka tarar tumbinsa fanko, a yi masa aikinsa yau. Wanda aka ga abinci kuma aikinsa zai iya jira, a jinkirta. In ba zai jira ba, a bi hanyar gaggawa da bututu, ko a yi allurar baya in aikin ya ba da dama. Ko mai allurar baya ma ana so a san halin tumbinsa, domin allurar kan gaza a tsakiyar aiki a koma ga cikakken barci.

Abin da ya ƙara tura wannan fasaha gaba a 'yan shekarun nan shi ne sababbin alluran ciwon suga da rage ƙiba, irin su Ozempic da Wegovy. Ɗaya daga cikin hanyoyin aikinsu shi ne jinkirta fitar abinci daga tumbi don mutum ya daɗe a ƙoshe. Likitoci suka fara cin karo da marasa lafiyar da suka yi azumi fiye da ƙa'ida amma tumbi cike. Wani nazari daga Houston ta Amurka da ya fito a 2024 ya duba mutum 124 da na'urar, ya samu ragowa mai yawa a kashi 56 cikin 100 na masu amfani da irin waɗannan magunguna, da kashi 19 na waɗanda ba sa amfani da su. A watan Yunin 2023 ASA ta ce a dakatar da allurar mako-mako na tsawon mako guda kafin aiki. A Oktoban 2024, tare da wasu ƙungiyoyin likitoci, ta sassauta: yawanci za su iya ci gaba da maganinsu, masu haɗari su wuni a kan abin sha kawai na awa 24, in kuma akwai shakka a ranar aiki a duba tumbi. Duk mai irin wannan allura, ko da ba likita ne ya rubuta masa ba, wajibi ne ya faɗa kafin a kwantar da shi.

Na'urar tana da iyakarta. Masananta ba su ce a duba kowa ba. Sun ce a duba inda ake da shakka ta gaskiya. Wanda hanjinsa ya toshe cikinsa a cike ake ɗaukarsa, ko me hoto ya nuna. Wanda aka taɓa yanke wa wani sashe na tumbi, ko wanda tumbinsa ya turo sama cikin ƙirji, hoton na iya yaudara. A wasu 'yan kaɗan ma ba a iya hango wurin sam. Kuskure mafi muni shi ne mai dubawa ya ɗauki wani sashe na hanji a matsayin tumbi, ya ce babu komai alhali akwai. Hannun da bai goge ba ya fi rashin na'urar haɗari.

Gogewar kuwa ba ta fi ƙarfin kowa ba. Cristian Arzola da abokansa a Toronto sun nuna a 2013 cewa likitan sa barci na bukatar dubawa kusan 33 a gaban malami kafin ya riƙa bambance fankon tumbi da mai ruwa da mai abinci daidai sau 95 cikin 100. Kan na'urar da ake bukata ga manya shi ne dai mai lanƙwasar nan da ake duba jariri a ciki da shi, wanda ke ɗakin awon ciki na asibitoci da yawa a garuruwanmu, sau da yawa 'yan taku kaɗan daga ɗakin da ake yi wa mata tiyatar haihuwa cikin dare. A irin waɗannan asibitoci, inda sau da yawa nas mai horo na musamman ne ke sa barci, abin da ya rage shi ne a shigar da duban tumbi cikin horon, a kuma bar na'urar inda mai sa barci zai kai gare ta da ƙarfe biyun dare, ba a kulle ta a ofis sai safiya ba.